Gwaggo Mai Kujeru da Ramin Ƙofar Asibiti

Kafin rana ta yi zafi, Gwaggo ta riga ta buɗe ɗakin ajiyar ƙungiyar unguwa, tana kakkaɓe kujerun roba tana yi musu faɗa kamar 'ya'yanta. Mai karyayyar ƙafar ta jingina ta da bango ta ce, "Ke ta wakilin 'yan wuta ce, shi ma ba daɗewa yake yi ba." Aikinta ke nan shekara da shekaru, ba albashi ba komai. Duk ranar taron kwamitin haɗin gwiwa, inda ma'aikatan gwamnati, 'yan ruwa da 'yan wuta da 'yan hanya, ke zama da ƙungiyoyin sa kai, ita ke jera kujeru, ta dafa shayi, sannan ta zauna a ta ƙarshe a matsayin wakiliyar unguwa. Yanzu gwiwa ta ce ta gaji, Gwaggo za ta miƙa makulli, mu kuwa muka ce ba za ta tafi shiru ba.

Gwaggo, ke ce kika sa motar shara ta daina zuwa daidai lokacin tashin 'yan makaranta. Ke ce kika sasanta masu rigakafi da shugaban makaranta bayan sun daina gaisawa. Amma abin da unguwa ba za ta manta ba shi ne ramin nan.

'Yan hanya ne suka zuba kwalta mai sheƙi a gaban asibitin haihuwa. Kwalta ba ta gama shan iska ba, 'yan ruwa suka farke ta za su sa bututu. Suna cikin haƙa suka tono wayar wuta, suka ce su kam ba za su taɓa ba. 'Yan wuta suka zo suka leƙa, suka ce akwai ruwa a ciki, su ba sa shiga ruwa. 'Yan hanya kuma suka ce wanda ya haƙa shi zai cike. Haka rami ya miƙe a ƙofar asibiti daga bango zuwa bango, mota ba ta shiga. Wani kafinta ya ji tausayi ya gitta katako, a kansa masu ciki ke tsallakawa.

To, matar autan Gwaggo cikinta ya tsufa, kuma an ce 'yan biyu ne. Duk lokacin da Gwaggo ta riƙe hannunta a kan katakon nan, sai tunani ɗaya ya zo mata. Da ƙafarta ma da ƙyar take hawa, ina ga ranar naƙuda?

Ta ɗaga hannu a taro, shugaban kwamiti ya ce, "Gwaggo, za mu duba." Taro na gaba ma, "Za mu duba." Su shanye mata shayi, su share baki, su tafi. Kai, duniya!

Ran nan suka iso zauren taro suka tarar da shi wayam. Maigadi ya ce, "Gwaggo ta kwashe. Ta ce kujerun na ƙungiya ne, inda suka je nan taro yake." Suka bi sawu har asibiti. Ga kujeru can a jere a inuwa, ga tukunyar shayi tana tururi, amma duk a tsallaken rami. Ga kuma masu awo cike da baranda sun zuba ido. Juyawa abin kunya ne.

Shugaban kwamiti ya tsallaka yana salati. Wakilin 'yan hanya ya cire takalmi ya riƙe a hannu. Na 'yan wuta, wallahi da rarrafe ya wuce. Sai shugaban 'yan ruwa, mutum ne mai jiki, tumbi har yana riga shi shiga ɗaki. Yana kaiwa tsakiya katako ya lotsa, ya yi ƙara, bawan Allah ya sandare, ba gaba ba baya.

"Yallaɓai, daure!" in ji wata mai ciki daga baranda. "Mu kullum muke hawa da namu, kuma namu motsi yake yi!"

Ungozoma ta leƙo ta taga. "Ja numfashi a hankali, kada ka yi nishi tukuna!"

Gwaggo ta tako bakin rami, hannunta a baya. "Ranka ya daɗe, dama ina son in tambaya. Ramin nan na waye?"

"Namu ne, Gwaggo!"

"Na 'yan ruwa?"

"Namu ne gaba ɗaya! Don Allah miƙo hannu!"

Ta miƙa masa. Ba a taɓa yin taro mai sauri irin na ranar ba, don kowa ya san da komawa ta kan katakon. Nan take aka tsara: 'yan wuta su ɗauke waya, 'yan ruwa su binne bututu, 'yan hanya su rufe. Aka kuma kafa doka cewa ba mai sake sa diga a titi sai ukun sun zauna tare.

Ranar da naƙuda ta zo, da gardama ta zo, likita ya ce da an makara da labari ya sha bamban. Mota ta kai matar auta har bakin ɗakin haihuwa. Da aka miƙo wa Gwaggo jikoki biyu, matar da ta sa manya rarrafe sai ta zauna a ƙasa tana kuka, ba ta ko nemi kujera ba.

Katakon kuwa ba ta bari an yar ba. Kafinta ya yi masa ƙafafu, yana nan a zauren taro, duk wanda ya ce "za mu duba" a kansa ake zaunar da shi.

Gwaggo, uwar kwamiti, mun gode. Allah Ya huta gajiya, Ya ba gwiwa lafiya. Ku kuma da ke cewa ba ku da muƙamin da za a saurare ku, ita kujeru kawai take da su, ɗaya ma karyayya ce. Makulli yana nan a hannunta, tana jiran mai karɓa.