Zaren Koma a Ofishin Kamfanin Waya

Ko da tsufa zai kai ni ga neman ɗankwalin da ke kaina, ba na jin ranar da na je yin gardama da kamfanin waya za ta fita daga raina. Lokacin ina zawarci a gidan mahaifina a Warra, sana'ata bandar kifi, wayar salula kuma ba ta daɗe da shigowa yankinmu ba.

Mu mata masu banda muna da ƙungiya. Dillalan kudu sun daɗe suna cin guminmu, sai kifi ya isa can su aiko cewa kasuwa ta faɗi. Muka haɗa kuɗi muka sayi waya ɗaya, da layi irin wanda ake biya ƙarshen wata, don mu riƙa jin farashi kafin kwando ya bar hannunmu. Ni aka damƙa wa riƙonta, ba don boko ba, ko aji ɗaya ban taɓa shiga ba. An dai san ba na wasa da kayan mutane. Sabis sai an hau tudun bayan kasuwa, caji kuma sai wurin mai janareta, don haka ranar kasuwa kaɗai take fita. Sauran kwanaki tana ƙasan akwatina a kashe.

Wata huɗu lafiya lau. A na biyar direban da ke karɓo mana takardar biya daga Yelwa ya kawo ta, malamin makaranta ya karanta a gaban taro. Abin da aka rubuta ya ninka na kullum ninkin ba ninkin. Shugabarmu, wata Hajiya mai kaifin baki, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wayag ga dai ɗakinki take kwana, ko ba haka na ba?" Na ce haka ne. Ta ce, "To, mi ya rage?"

Kafin magariba labari ya gama gari, wai ina da bazawari a Legas, da shi nake kashe kuɗin mata. Ni da ko na bakin gulbi bai taya ba! Yanzu ina dariya, amma a lokacin ko ɗibar ruwa na je sai in ga an yi shiru ana taɓa juna. Na yi kuka har idona ya kumbura.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Baba. Bai tuhume ni ba, bai kuma wanke ni ba. Ya kira ni yana gyaran koma, ragarsa ta kamun kifi, ya ce, "Ɗiyata, ba a ja da takarda. Talaka bai shari'a da kamfani. Na yi magana da wani mutumin Shanga, ran kasuwa shina zuwa sayen jirgin ruwanmu, a biya su a rufe bakin mutane." Jirgin nan da shi muke ci, da shi aka yi wa kowannenmu aure. Masunci ba jirgi, ai sai ya koma ɗan ƙwadago a jirgin wani, ga shi gemu ya yi fari. Na ce, "Baba, in an biya, na zama ɓarauniya ke nan har in mutu." Ya ci gaba da gyaran komarsa. Inna ce ta kwance bakin zanenta ta ba ni kuɗin mota, ta ce, "Tafi ki tambayo su, baki gare su kamar kowa."

Kwana uku suka rage kasuwa ta ci na kama hanyar Birnin Kebbi, inda aka ce ofishinsu yake. Ban taɓa wuce Koko ba sai ranar. Da na shiga, sanyin ɗakin ya sa na ja mayafi, ga kowa fes, ni kuwa hayaƙin banda ya kama tufafina. Da layi ya zo kaina, ma'aikacin ya dubi takardar ya ce, "Baiwar Allah, kwamfuta ba ta kuskure. Ki je ki biya, in ba haka ba a rufe layin." Na ce, "Malam, ban ce ba ni biya ba. Ko mai tuwo in ta ce ka ci malmala goma, tana nuna maka kwano. A nuna mini abin da na ci." Ya ce na gaba ya matso. Ni kuwa da ma an san ni da taurin kai, na shimfiɗa mayafina nan gaban teburinsa na zauna, na ce ba inda za ni.

Hayaniyar ta fito da manajansu, wani dattijo mai natsuwa. Ya saurare ni har ƙarshe, ya sa aka buga duk kiran da aka yi a watan. Takarda ta yi ta fitowa kamar ba za ta ƙare ba. Ya ce, "To Hajiya, ga shi. Ke ina naki lissafin?" Ma'aikacin nan ya yi murmushi, don ya san ba ni da littafi.

Sai na ciro zaren koma daga jakata. Mu masunta haka muka gada: in ka ba dillali kwando, sai ka yi ƙulli a zare. Da aka ba ni waya hannuna bai san wata dabara ba sai wannan, babban ƙulli ranar kasuwa, ƙanana kuma kowane kira. Na shimfiɗa shi a kan teburin na ce, "Kasuwar farko, kira bakwai." Manaja ya bi da biro, ya ce bakwai ne. Ta biyu na ce huɗu, aka samu huɗu. Masu jiran layi suka fara matsowa. Ta uku na ce tara, sai ma'aikacin ya ce da ƙarfi, "Goma!"

Na rufe ido na koma kan tudun a zuci. Can na tuna ranar hadari ya taso, muna cikin magana da dillalin tarwaɗa waya ta yanke, na sake kira, ban ƙulla sabo ba don a wurina magana ɗaya ce. Na faɗa musu. Manaja ya duba, ga lamba ɗaya sau biyu a jere. Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce, "Ci gaba." Ta huɗu ma ta zo daidai. Na ce, "Sauran duk ba na san su ba, don ranakun nan wayar tana cikin akwati."

Aka ce in dawo gobe. Na kwana wurin wata 'yar garinmu. Da safe manaja da kansa ya tare ni, ya ce an gano layin wani ɗan kwangila ne aka shigar ƙarƙashin sunan ƙungiyarmu, duk kiransa ya hau kanmu. Ya ba ni haƙuri, ma'aikacin ma ya ba ni, kansa a ƙasa. Na ce, "Na haƙura, amma a rubuta a buga hatimi. Mutanenmu takarda suke ji."

Mota ta lalace mana a hanya, ban iso Warra ba sai hantsin ranar kasuwa. Ban bi ta gida ba, bakin ruwa na nufa da gudu. Na tarar da mutumin Shanga cikin jirginmu yana ƙwanƙwasa katako, Baba na tsaye gefe ya juya baya don kada ya gani. Na ce, "Bawan Allah, fito, ba na sayarwa ba ne!" Aka kira malamin makaranta ya karanta takardar a gaban jama'a, har da Hajiya shugaba, wadda ta kama hannuna ta ce in yafe mata. Baba ya bari sai da mutane suka watse. Sannan ya ce, "Ɗiyata, ni da na haife ki na gaskata takarda na bar ki. Ki gafarce ni." Ban taɓa jin Baba ya roƙi wani gafara ba sai ranar, kuma har gobe in na tuna sai in ji kaina ya ƙara tsawo.

Abin da na koya shi ne, in aka ɗora maka abin da ba ka ci ba, kada girman ofis ko rashin karatu ya rufe maka baki. Ka ce a nuna maka. Da na yi shiru don kunya, da an biya kuɗin, an rufe maganar, ni kuma in tsufa da sunan ɓarauniya a garin da aka haife ni.