Lambata a aljihun mai kifi

"Kai ne ɗan'uwan Malam Sale?"

Ina ofis a Garki wata nas ta kira ni. Mota ta buge shi, yana sume, ana jiran mai sa hannu a yi masa aiki. Lambar wayata suka tarar a aljihunsa.

Mai kifi ne a Kado, ciniki kawai ya haɗa mu. Na je na sa hannun.

Da ya farfaɗo na ce, "Malam, me ya sa ka zaɓe ni?"

Ya ce, "Alhaji, dangina suna Katsina. A garin nan kai kaɗai kake tambayata ya iyali."



Ku fa, in kun faɗi a titi, wa za a kira?