Gefen Hagu na Ganyen Tsamiya

Wata Juma'a ce cikin kaka, a tsakiyar shekarun 1950, ranar kasuwar Wudil, aka ƙwace mini allurata. Ina zaune a gindin rumbu da hantsi, kukan shanu yana tasowa daga kara, wajen cinikin dabbobi, na shimfiɗa guntun farin ƙyallen alawayyo a cinya ina ta soka, har da ɗan harshe a waje don ƙwazo. Ban ji takun Gwaggo ba. Gwaggo yayar mahaifina ce, ta dawo gidanmu da zama bayan rasuwar mijinta, kuma tun daga ranar ko kaza ba ta isa ta yi ƙwai ba sai da saninta. Ta riga ta ɗora ƙwaryar daddawarta a ka za ta kasuwa, sai ta ja ta tsaya a kaina, ta miƙo hannu ko kayan ba ta sauke ba, ta zare allurar daga yatsuna. "Har ɗinkin ma da hagu, Hajara? Wane namiji ne zai ɗora hular bahaguwa a kansa ya shiga masallaci?" Ta soke allurar a gefen ɗankwalinta ta fice. Na bi ta har zaure ina kuka, ko waiwayowa ba ta yi ba.

Ni bahaguwa ce, haka Allah ya yi ni, kuma ga shi har na tsufa ban taɓa ba kowa haƙuri a kan haka ba. Abin da addini ya ce a yi da dama na koya, na kuma gode wa wadda ta koya mini: cin tuwo, miƙa abu, karɓar abu, riƙe alƙalami a makarantar allo. Bayan hannuna ya sha ludayi kafin in iya. Amma in aka zauna carafke a dandali, da hagun nan nake cinye 'yan matan unguwarmu kaf, su tashi suna tsaki suna cewa asiri gare ni. Allura kuwa, in na riƙe ta da dama sai zare ya cukurkuɗe, in soki yatsa, jini ya ɓata ƙyalle. Gwaggo ta ce ko in yi da dama ko in haƙura. Wato dai in haƙura. Allurar nan kawuna ne ya kawo mini ita tsaraba daga Kano, ita kaɗai na mallaka a duniya ban da zanen jikina, ga ta kullum tana ƙyalli a kan Gwaggo ina kallo.

Abin da ya sa na ƙwallafa rai a kan ɗinki shi ne Inna, mahaifiyata. Hula take ɗinkawa, kuma ba ta bin zanen kowa. Ita ba ta fita, ni ce ƙafarta. In na je kogi ɗiban ruwa ko wankin tukwane, in na kai wa Baba fura gonarsa ta hanyar Utai, ba na dawowa hannu rabbana. Yau gashin zabo, gobe furen kabewa, jibi ƙayar kifin da Baba ya kamo muka cinye. Wata rana na ga sawun balbela a kan jiƙaƙƙen yashi, na rasa yadda zan ɗauko shi, sai na dawo da gudu na zana mata shi da tsinke a tsakar gida kafin in manta. Takan ɗora abin a kan farin ƙyalle, ta daɗe tana dubansa, sannan ta bi shi da gawayi. Zaren ma ita ke kaɗa abinta da mazari, a kai karofi a rina shi shuɗi, in kore take so ta sake tsoma shi a ruwan rawaya. Ba mu da komai na a zo a gani. Rumbu ɗaya, awaki, komar kamun kifin Baba a rataye a jikin danga, tuwon dawa da miyar kuka, ran sa'a da kifi. Amma wallahi ban san ana kiran wannan rashi ba sai da na girma na ji a bakin mutane.

Sai dai ni ce 'yar fari, saboda haka akwai kunya tsakanina da Inna. Ba ta faɗin sunana, ba ta zama kusa da ni, ba ta shiga maganata ko da yanka ni ake yi. In tana son in yi abu sai ta faɗa wa iska. Ranar da aka ƙwace allurar tana bakin murhu, ta ji komai, ta ci gaba da hura wutarta. Na ji haushinta ƙwarai, fiye ma da na Gwaggo. Na koma ɗinka ganyen ƙirya da farar ƙaya a bayan ɗaki, ina yi ina ƙunƙuni.

Bayan an gama shigar da dawa, Inna ta yanka hular da Baba zai sa da ƙaramar Sallah, ta zana mata ganyen tsamiya, irin na itacen da ke ƙofar gidanmu. Duk wanda ya taɓa duban ganyen tsamiya ya san yadda yake: sanda ɗaya a tsakiya, ƙananan ganye a jere dama da hagu, kowane da abokinsa. Na dama yakan kwanta wa Inna luf. Na hagu kuwa sai ta juya ƙyallen, ta karkace wuya, duk da haka ya fito a tsaitsaye kamar akuya ta tauna. Wata Juma'a, Gwaggo ta tafi kasuwa, Baba ya tafi masallaci, gida ya yi tsit, sai na ga Inna ta shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu. Ta ɗinka ganye ɗaya na dama, ta ajiye hular a tsakiyar tabarma da allurar a jiki, ta dubi kazarmu mai 'ya'ya da ke tono a gefe. "Ke kam kin huta," in ji ta. "Ni gefen hagun nan ya gagare ni."

Na dubi kazar, na dubi Inna. Sai na gane da ni take. Na matso a hankali na zauna a gabanta, gwiwa da gwiwa, na ɗauki hular. Ba ta ɗago kai ba. Na soka, na ja, na soka, na ja, ganyen ya kwanta ya fuskanci abokinsa daidai wa daida. Na mayar da hular tsakiyar tabarma. Ta ɗauka ta yi nata, ta ajiye. Da yake muna fuskantar juna, hannunta na dama da nawa na hagu gefe ɗaya suke, duk motsin da ta yi sai in kwaikaya ba tare da an ce mini uffan ba. In na ja zare da ƙarfi ya tattare, sai ta ce wa kazar, "Wasu dai gaggawa ce za ta kashe su." In ya yi kyau sai ta yi shiru, ni kuwa na san shirun.

Haka muka cinye rani, daga Juma'a sai Juma'a, allura ɗaya tsakaninmu. Da mun ji an fara dawowa daga kasuwa, jakuna suna wucewa ta bayan danga, sai ta naɗe hular ta tura cikin kwalla, ni kuma in ɗauki tulu in nufi kogi ina tafe ina rawa. Tun da aka haife ni ban taɓa zama da mahaifiyata haka ba, har ina jin ƙamshin man gyaɗar da ke hannunta.

Sallar ta faɗo cikin bazara, tsamiyar ƙofar gida ta yi sabon toho. Da safe Baba ya yi wanka ya sa rigarsa, Inna ta aiko ni da hular a kan faifai. Kafin ya taɓa, Gwaggo ta riga shi. Ita ma ta yi ɗinki a zamaninta kafin idonta ya rage. Ta kai hular kusa da fuska, ta juya cikinta waje, ta bi bayan ɗinkin da babban yatsa. "Wannan hula hannu biyu ne," in ji ta. "Na hana, aka zagaya ta bayana. Wa ya ba yarinyar nan allura?" Na san in Baba ya ajiye hular nan ya ɗauki tsohuwarsa, ni da allura sai dai kallo har abada. Sai muka ji murya daga cikin ɗaki, can ƙasa-ƙasa: "Ni na ba ta, Yaya." Inna ce. Inna da ba ta taɓa tanka maganata ba, ranar ta tanka a gaban kowa.

Baba mutum ne mai tsoron yayarsa, ba na ɓoyewa. Ya sosa ƙeya, ya dubi hular, ya dubi ƙasa. Can ya miƙa hannu biyu cikin ladabi ya ce, "Yaya, a yi haƙuri a ba ni. In aka cire gefen hagun, rabin kaina a rana zai je Idi." Ya kafa ta, ya ɗan karya ta gefe, ya sa kai ya fita. Na bi shi har ƙofar gida na tsaya a gindin tsamiya, ina kallon ganyen da muka ɗinka yana tafiya cikin mutane har ya sha kwana.

Gwaggo ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwar kowa, daga ni har Baba. Ranar da aka yi ruwan shuka, ina tankaɗe, sai ta kira ni. Ta zare allurar daga ɗankwalinta, ta goge ta da toka saboda ta riga ta ɗan yi tsatsa. Na miƙa hagu da ɗoki, ta doke shi. "Karɓa da hannun kirki, marar kunya. Abin da za ki yi da ita bayan nan, ke da uwarki." Ba ta taɓa yabon ɗinkina ba har ta koma ga Allah, amma ni ta riƙa kira in sa mata zare a allura in za ta yi faci.

Yanzu inji ke yin aikin hula, gefe da gefe iri ɗaya sak, ba ka sanin hannun wa. Jikokina suna da allurai cikin gwangwani, suna zubar da su a tsakar gida ko a jikinsu. Ba na yi musu faɗa, zamaninsu ne. Ni dai na gode wa Allah da ya raya ni a gidan da allura ɗaya ta ishi mutum biyu. Da hagun nan na ɗinka hular angona, da shi na tufatar da 'ya'yana, kuma maza da yawa sun shiga masallaci da hular bahaguwa lafiya lau. Inna ta rasu ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ban kuma taɓa jin na rasa wani abu ba. Har yau nakan ɗinka ganyen tsamiya. Na hagu ya kwanta luf, na dama in juya ƙyalle, in karkace wuya, ya fito a tsaitsaye. Jikata ta ce in warware in sake, na ce ta bar shi. Gefen Inna ne.