Rijiyar Majema

Duk ranar da iska ta biyo ta unguwar majema ta kawo mini warin jiƙaƙƙiyar bagaruwa, sai in ga kaina yarinya, tsaye a bakin rijiya da tulu. Jikokina toshe hanci suke yi. Ni kuwa na san garin nan tun babu wannan wari, a idona ya iso.

A lokacin 'yan gidaje ne mu a kan tudu, arewa da Kornaka, inda gonakin gero ke ƙarewa dajin makiyaya ya fara. Rijiyarmu ɗaya, kakana ne ya haƙa ta da ƙuruciyarsa. Da rani Fulani da Buzaye sukan zo shayar da dabbobi, su kawo nono da cuku, su tafi da hatsi.

Yaƙin sarakuna can kudu ake yin sa, ban taɓa ganin fagen fama ba. Amma ka sani yaƙi yana cin fata: garkuwa, kwarin kibau, kayan doki, takalman mayaƙa. Wata shekara bayan girbi sai ga jakadan sarki da ayarin majema da dukawa, har da matansu. Bagaruwar jima ta yi yawa a kwarinmu, fata kuma tana hannun makiyaya, shi ya sa aka zaɓe mu.

Kafin shekara ta zagayo bukkokinsu sun fi gidajenmu yawa. Babana ya rage noma ya koma jigilar bagaruwa da jakai. Innata ta fara dafa tuwon sayarwa, abin da ba a taɓa yi a gidanmu ba, kuma a shekarar na fara ɗaura zane mai shuni. Maharba suna shigowa da fatun warwaji, dabbar dajin nan mai dogayen ƙahoni, farare fat, waɗanda aka ce kibiya ba ta huda su. Tun asuba ba ka jin komai sai kankarar fata.

Da bazara ta yi tsanani rijiya ta ja baya. Ramukan jima ba sa ƙoshi da ruwa. Jakada ya ba da umarni a fara cika su kafin kowa ya sa guga. Shanun Fulani suka wuni suna kuka a rana, mu ma mata sai ruwan laka muke samu. Ardo ya zo ya yi wa kakana sallama, ya ce gobe za su tashi, ba kuma za su dawo ba.

Da gari ya waye kakana ya sa aka rufe bakin rijiyar da itace, ya shimfiɗa buzunsa a kai ya zauna.

Jakada ya zo da mutanensa, ɗaya riƙe da igiya. Innata ta damƙe hannuna har ya yi zafi, domin kowa ya san inda ake kai wanda ya tare aikin sarki.

"Baba, tashi," in ji jakada. "Ba na so in ɗaure mai furfura."

"Ɗaure ni, jakada," in ji kakana. "Amma wannan rijiya ba za ta ɗauke mu duka ba, ni na haƙa ta. A ba ni ƙarti mu haƙa wata a kwari. Kafin nan, dabba da mutum su fara sha."

Jakada ya ce ba shi da hannun da zai raba da aikin garkuwa. Mai igiya ya matso. Sai shugaban majema, wani dattijo Bagobiri da bagaruwa ta rine wa hannu, ya ratso taron ya zauna a gefen buzun.

"'Ya'yana ma wannan ruwan suke sha," ya ce. "Ni zan ba da ƙartin. In garkuwa ta yi jinkiri, a ce wa sarki ni ne."

Jakada ya dube su duka biyu, ya juya ya tafi. Fulani suka kwance kayansu.

Ƙasarmu ruwanta nisa gare shi. Aka daɗe ana haƙa, manomi da majemi cikin rami ɗaya, mu yara muna jan kwandon ƙasa. Hadarin farko ya taso kafin su tarar da danshi. Sarki ya tuɓe dattijon nan daga shugabanci saboda jinkirin, amma bai bar garin ba. A nan aka binne shi, kusa da kakana.

Yaƙi ya lafa daga baya, aka daina aiko neman garkuwa. Dukawa suka koma ɗinkin guga da takalma, makiyayan da aka kusa kora su ne masu saye. Warwaji kam ya yi nisa, na daɗe ban ga mai fatarsa ba, bagaruwar kwari ma ta yi ƙaranci. Ba zan ce maka ba mu yi asara ba.

Amma ɗan wannan dattijo na aura, da son raina. Yau in jikokina suna gardama a kan su wane ne asalin garin, su wane ne baƙi, nakan bar su su gama, sannan in tambaye su a wane ɓangare za su sa kansu.