Ƙwayayen Fitilar Mahaifina

A shekarar da ruwa ya cinye kwalbatin hanyar Durba, har babura suka koma zagaye ta gonaki, na sayo 'yan tsakin gidan gona guda hamsin. A shekarar ne kuma na shiga ajin yaƙi da jahilci a Kibiya, ina da furfura a gemu.

Ɗan tsako ɗumi yake so, ga damina ta yi sanyi. Na je kasuwar Rano neman ƙwan lantarki mai zafi, duk wanda aka miƙo mini fari ne irin na yanzu, haske ba ɗumi. Kaskon gawayi kuwa ya taɓa kashe mini kaji da hayaƙi. Sai na tuna da adakar mahaifina, wanda ya yi gyaran fitilu har ya rasu. A ciki na sami ƙwayaye talatin naɗe da tsumma. Akwai mai tsini a ka, akwai dogo kamar kwalbar turare, yawancinsu kuma kama ɗaya. Rubutun jikinsu ya goge.

Na jera su a kiret ɗin ƙwan kaji, na ɗaure a babur, na tafi Rurum wurin ƙanen mahaifina da suka yi sana'ar tare. Idonsa ya tafi, amma hannunsa na nan.

"Baffa, wanne zai ɗumama tsaki?"

"Kai da ba ka zo gaishe ni da salla ba, kaji sun aiko ka ka zo," in ji shi.

Ya ɗauki mai tsinin, ya ƙyasta shi da farce kusa da kunne. Ya ce wannan ya girmi wansa, wato mahaifina, ta tsinin nan aka zuƙe iskar ciki, don in da iska lagwanin zai cinye nan take. Lagwani yake kiran siririyar wayar ciki, wadda wuta ke bi ta yi ja har ta ba da haske da zafi. Dogon kuma na majigi ne.

"Kowanne da cikinsa, ɗan nan. Wani na batir ne, wani na tsohon inji, wani na wutar gida. Ka ba na batir wutar gida, ka yi masa ɗura."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana auna nauyi, yana shafa gindi, yana saurare, yana faɗa mini cikin kowanne. Ni kuwa hannuna bai saba ba, kalma ɗaya kawai nake iya rubuta wa kowanne: gida, inji, batir. Kaina na kan littafi, ban ɗago ba har ya gama.

Washegari da hantsi aka kawo wuta. Na ƙirga zuwa wanda littafi ya ce na gida ne, na sa. Ya yi wani farin haske, ya ce ɗas, gilashin ya yi baƙi. Na ce ko na juya kiret ɗin ne, na juya shi. Na gaba ya kama, biyu na bayansa suka ƙone. Sai da na ƙona goma sha ɗaya, biyu kawai suka kama, sannan na gane. Baffa manomi ne, ya bi layukan kiret ɗin yadda ake bin kunya a gona, ya tafi ta wannan ya dawo ta waccan. Ni kuma malaminmu ya koya mini kowane layi daga hagu ake farawa. Kafin nan na riga na cakuɗa sauran wurin cirewa da mayarwa.

Na koma Rurum bayan kwana uku, na tarar an tafi da shi asibiti a Kano. Bai dawo ba. Na zaga masu gyara a Rano, kowa ya juya ƙwan a hannu ya ce bai taɓa ganin irinsa ba.

Guda biyun da suka kama ƙanana ne, wutar ma ba ta zama. Tsakin suka riƙa cunkushewa a lungun kwali, na sama suna danne na ƙasa. Kullum da safe maiɗakina takan kwashe waɗanda suka mutu.

Ƙwayaye goma sha ɗaya suka ƙone, har da mai tsinin. Sha bakwai suna adaka, ba wanda ya san cikinsu. Tsaki arba'in da uku suka mutu.