Hirar neman aiki a ƙarƙashin katifa

Shekarun baya, tun tumbina bai fara riga ni shiga ɗaki ba, ina aikin haɗa sauti a wani gidan rediyo a Fatakwal. Ni ne mai jan waya, ni ne mai hawa eriya, ni kuma ake zagi idan murya ta shaƙe. Sai wata tasha a Kanada ta nemi ƙwararru. Na nema, suka sa mini ranar hira ta bidiyo. In na ci, su za su nema mini biza. In na faɗi kuwa shi ke nan, don shekaruna sun kusa wuce na ɗauka.

Matsalar ita ce a unguwar Mile One nake, daf da kasuwa, inda ko zakara ba ya jin cararsa. Mai neman aikin sauti kuwa, in hayaniya ta biyo muryarsa, ya faɗi tun kafin ya gaisa.

Na bi mahauta na roƙe su su dakata da saran ƙashi. Mai markaɗe ta ce no wahala, amma in na je in aiko mata da rigar sanyi. A Fatakwal fa! Bangon ɗaki na lulluɓe shi da kwalin ƙwai don ya tare hayaniya. Mahaifiyata ta zauna bakin ƙofa da muciya, ko ƙuda sai ya nemi izini.

Sama kaɗai na manta. Matar da ke mini tambayoyi ta fara ke nan, ruwa ya sauko kan kwano kamar tifa na juye tsakuwa. Bakinta na motsi, tana nuna kunnenta.

A aikinmu akwai doka: kome ya lalace, ba a barin tasha ta yi shiru. Sai na ci gaba da magana, na yafito abokina da ya zo taya ni addu'a, na nuna masa katifa. Ya kinkimo ta ya yi mana rumfa, ni da makirufo da kwamfuta. Nan take murya ta washe.

Matar ta tambayi me na yi. Na juya kyamara, sai ga abokina sharkaf da gumi, katifa a ka.

Ya ce, “Mutumina, gaya mata ta yi sauri, wuyana ya kusa shigewa ciki.”

Ta yi dariya har ta cire tabarau, ta ce in bayyana mata dabarar. Na bayyana. Suka ɗauke ni.

Yanzu situdiyon da nake aiki a Kanada shiru ne har kana jin gashinka na tsiro. Na gode Allah, amma wani lokaci shirun yakan dame ni. Don haka duk ranar da ake ruwa a gida nakan kira mahaifiyata, in ce ta ɗan ɗaga wayar sama.

Takan ce, “Wai ni ka kira, ko kwanon?”

Nakan ce, “Ku duka, Hajiya.”