Ajin Safe da Kwanon Inna

Yayana malamin lissafi ne a makarantar sakandare, kuma tun da ya fara aiki ban taɓa jin ya ce wa kowa a'a ba. Malama ta tafi haihuwa, a ba shi ajinta. An yi wa wani canjin wurin aiki, a ɗora masa nasa. Abokan aikinsa har suna suka sa masa, Cike-gurbi, shi kuwa sai ya yi dariya ya karkaɗe alli daga hannun riga. Ni abin haushi yake ba ni. Na sha ce masa, "Yaya, wata rana maigadi zai yi zazzaɓi su ba ka ƙofa." Ya ce in dai da kujera a wurin, ba laifi.

Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi. Tun da Baba ya rasu, Inna ba ta cin abincin rana sai yana zaune. In na kai mata kwano, ta buɗe, ta leƙa, ta rufe, ta ce ta ƙoshi. Matarsa ta yi lallashi, jikoki sun yi, duk a banza. Amma da an tashi makaranta, ya jingine babur, ya wanke hannu ya zauna a bakin tabarmarta, sai ka ga tana ci tana masa faɗan ya bar gemu ya yi buzu-buzu. Ga shi likita ya ja mana kunne cewa maganinta ba a shan sa da yunwa.

Ana nan makarantar ta samu sabon shugaba, mutum mai son tsari. Ya ce an daina ƙarin aji da baki, duk wanda zai ɗauki darasi sama da nasa sai ya sa hannu a yarjejeniya. Gaskiya abin ya yi kyau: an faɗi yawan darussa, an yanka alawus, an ce na zango ɗaya ne, daga nan a sake zama. Sai dai an rubuta cewa ƙarin darasi zai fara da an tashi, kuma malami ba ya barin makaranta sai ya gama. Aka ware wa Yaya 'yan ajin ƙarshe masu shirin jarrabawa, yaran da ya koyar tun suna aji ɗaya.

Ya karanta a ofishin shugaba, ya ajiye biro.

"Ranka ya daɗe, ajin ina so. Lokacin ne ba zan iya ba."

"Malam, kai da aka ce min ba ka musu?"

"Mahaifiyata ce. Ba ta cin abinci sai ina nan."

"Ba kowa a gidan ne?"

"Gida cike yake. Ni take jira."

Shugaba ya ce sharaɗi ɗaya ne ga kowa, in ya ɗaga masa ƙafa, gobe kowane malami zai zo da labarin tasa mahaifiyar. Yaya ya ce haka ne, ya yi godiya ya fita.

Makon nan ban ga dariyarsa ba. Da farko na yi murnar yau dai ya iya ƙin abu, amma ganin yadda yake kiran sunayen yaran nan yana faɗin inda kowanne ke tuntuɓe, sai tausayinsa ya kama ni. Daga baya shi da kansa ya koma ofis, ya roƙi a mayar da darasin safiya, kafin a kaɗa ƙararrawa. Shugaba ya ce yara ba za su tashi da wuri saboda lissafi ba.

"A gwada," in ji Yaya. "In ba su zo ba, a ba wani."

Aka gwada, yaran suka zo kuwa, wasu da gyangyaɗi, wasu da burodi a aljihu. Shugaba ya leƙa ta taga, ya koma ya sa aka gyara masa sharaɗin lokacin a yarjejeniyar, har malamai mata masu goyo suka nemi irinsa.

Yanzu Yaya kan fita da sassafe, ya dawo da rana idonsa ja saboda barci, amma hankalinsa kwance. Inna ba ta san an yi wannan ba, ya hana mu faɗa mata. Jiya ina ɗakin tana cin abinci, ta dube shi ta girgiza kai.

"Kai dai anya kana da aikin yi? 'Ya'yan mutane na can suna nema, kai kullum da rana kana gida."

"Haka ne, Inna," ya ce, ya matsar mata da kwanon. "Ƙara kaɗan."